Kod Na Kowa, Haƙƙi Na Wa? Yadda Ake Tsara Mallaka da Lasisi a Buɗaɗɗiyar Manhaja

Idan mutum goma suka haɗa hannu suka rubuta manhaja, suka sake ta kyauta a intanet, yawancinsu kan ɗauka ta zama ta kowa da kowa, ko kuma ta wanda ya assasa ta. A wurin doka duka biyun kuskure ne. Abin da mutum ya rubuta da kansa nasa ne tun ranar da ya rubuta shi, ba sai ya yi rajista ba, ba sai ya manna wata alama ba. Wannan ƙa'ida tana cikin Yarjejeniyar Berne, wadda aka fara ƙullawa a 1886, kuma kusan duk ƙasashen duniya sun shige ta. Dokokinsu suna sa kod ɗin kwamfuta a sahu ɗaya da littafi. Haka dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta yi, kuma haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, kamar yadda yake a Amurka da Tarayyar Turai. Ke nan manhajar mutum goma tana da masu ita goma, kowa da rabonsa, in sun kau kuma sai magadansu.

Shi kuwa lasisi izini ne kawai. Mai haƙƙi ne yake cewa na yarje maka ka kwafa, ka gyara, ka rarraba, bisa sharaɗi kaza da kaza, amma mallaka tana hannunsa. Shi ya sa kod ɗin da aka ɗora a GitHub babu lasisi bai zama buɗaɗɗe ba don kawai kowa yana ganinsa. Kana iya karanta shi, kana iya yin kwafinsa a cikin dandalin tunda sharuɗɗan GitHub sun ba da wannan dama, amma ba ka da hurumin sa shi cikin taka manhajar.

Tambaya biyu ce ke gaban duk masu aikin haɗin gwiwa: da wane lasisi manhajar za ta fita zuwa ga jama'a, kuma da wane izini gudummawar kowa za ta shigo. Ta farko ce ake ta musu a kanta, amma rigima ta fi fitowa daga ta biyu.

Lasisin fita

Kada ka zauna ka rubuta naka lasisin. Ƙungiyar OSI, da aka kafa a 1998, tana da jerin waɗanda ta amince da su, kuma lauyoyin kamfanoni sun san su ciki da bai. Wanda ka ƙaga da kanka ba wanda ya san inda ya dosa, don haka masu hankali za su kauce wa kod ɗinka. Kada kuma ka ɗauki sanannen lasisi ka yi masa ƙari, irin su "ban da kasuwanci". Da ka hana kasuwanci, ka fita daga da'irar buɗaɗɗiyar manhaja.

Sanannun sun kasu gida biyu. Akwai masu sassauci, wato MIT da BSD da Apache 2.0. Abin da suke nema kaɗan ne: a bar sunan masu haƙƙi da rubutun lasisin a jikin kod ɗin. Bayan wannan, kamfani na iya ɗauka ya gina abin sayarwa ya kulle, bai yi laifi ba. Apache 2.0, da ya fito a 2004, ya fi sauran tsawo, domin a ciki mai gudummawa yana ba da izinin amfani da duk wata rajistar ƙirƙira tasa da gudummawar ta taɓa, kuma wannan ne ya sa manyan kamfanoni ke son sa.

Ɗaya gidan shi ne na GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989, bugu na 2 ya biyo baya a 1991, na 3 a 2007. Sharaɗinsa guda ne mai nauyi: in ka gina a kan kod ɗin GPL ka rarraba wa mutane, dole ka ba su kod ɗinka ma a kan GPL. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. A lura, rarrabawa ce ke ta da sharaɗin. In a cikin ofishinka kaɗai kake amfani da gyararka, ba wanda yake bin ka bashi. AGPL ya toshe wannan kafa ga masu gyara manhaja suna yi wa jama'a hidima da ita ta intanet. LGPL da MPL suna tsakiya: na farko ya tsaya a kan laburaren kansa, na biyu a kan fayil-fayil.

Akwai wata 'yar jimla da ake raina wa, alhali tana da nauyi. Kana iya cewa "GPL bugu na 2 kaɗai", kana iya cewa "bugu na 2 ko na gaba". Linux yana kan na 2 kaɗai, shi ya sa kod ɗin GPL bugu na 3 ba ya shiga cikinsa. A ra'ayin gidauniyar FSF, mai wallafa GPL, kod ɗin Apache 2.0 ma yana haɗuwa da bugu na 3 amma ba ya haɗuwa da na 2. Irin wannan jimla ta "ko na gaba" ce ta ba Wikipedia mafita a 2009, lokacin da ta koma CC BY-SA ba tare da ta bi marubutanta ɗaya bayan ɗaya ba, domin sabon bugun tsohon lasisinta ya buɗe mata ƙofa. Farashinta shi ne ka amince da bugun da ba a rubuta ba tukuna. Ku yanke shawara a kanta da gangan, kada ta shigo muku ta hanyar kwafe.

Ƙofar shigowa

Hanya mafi sauƙi, kuma mafi yawa, ita ce gudummawa ta shigo da lasisin da aikin yake fita da shi. Mai gudummawa yana riƙe da haƙƙinsa, ya ba aikin da sauran duniya izini iri ɗaya. Sashe na 5 na Apache 2.0 ya faɗi haka ƙarara, sharuɗɗan GitHub ma sun ce wanda ya tura gudummawa ma'ajiyar da ke da lasisi, ya tura ta ne a kan wannan lasisin. Kowa daidai yake da kowa, har wanda ya kafa aikin. Rauninta shi ne ba ta barin shaida a rubuce cewa abin da mutum ya turo nasa ne.

Linux ya ɗanɗani wannan rauni. A watan Maris na 2003 kamfanin SCO ya maka IBM a kotu a Amurka, yana zargin an zuba kod ɗin Unix cikin Linux ba da izini ba. Shari'ar ta ja shekaru, amma tun a 2004 Linus Torvalds da abokan aikinsa suka fito da gajeriyar shaida da ake kira DCO. Mai turo faci, wato gyaran kod, yana ƙara layi ɗaya a ƙarshen bayaninsa, wanda ya fara da Signed-off-by, sannan sunansa da adireshinsa na imel. Umarnin git commit -s yana rubuta masa shi. Da wannan layi yake shaida cewa ko dai shi ya rubuta facin kuma yana da ikon bayar da shi a kan lasisin aikin, ko ya gina shi a kan kod ɗin da lasisinsa ya yarda, ko kuma wani da ya riga ya yi wannan shaida ne ya miƙo masa bai canja komai ba. Yana kuma amincewa cewa sunansa zai zauna a tarihin aikin a bainar jama'a. Ba takarda, ba lauya, ba a karɓe wa kowa komai, amma in tambaya ta taso akwai sawun da za a bi. A ganina, ga yawancin ayyuka ƙanana da matsakaita, a nan ya kamata a tsaya.

Mataki na gaba shi ne yarjejeniyar mai gudummawa, wadda aka fi sani da CLA. Takarda ce da mutum ke sa wa hannu sau ɗaya, galibi ta intanet, kafin a karɓi facinsa na farko. A yawancinsu mallaka tana nan a hannunsa, sai dai ya ba wata hukuma guda izini mai faɗi fiye da wanda sauran jama'a suka samu. Gidauniyar Apache tana da iri biyu, ta mutum ɗaya da ta kamfani. Ba a yi wa CLA kuɗin goro. Wata ba ta da illa, wata kuwa sarauta ce ake miƙawa. Kafin ka sa hannu, duba wa ke karɓa, gidauniya ce mai dokokin da suka ɗaure ta ko kamfani ne mai masu hannun jari. Duba ko an ba shi ikon sake fitar da kod ɗinka a kan kowane irin lasisi har da kullalle, ko kuwa an taƙaita shi ga buɗaɗɗu. Sannan ka duba ko izinin zai bi kamfanin in an sayar da shi, domin galibi yana bi.

Wannan batu na ƙarshe ya faru a zahiri. Masu ba OpenOffice gudummawa sun sa hannu wa kamfanin Sun ne, sai Oracle ya saye Sun a 2010, takardun suka koma hannun wanda ba da shi aka yi alkawari ba. A watan Satumba na wannan shekara da yawa daga cikinsu suka ɓalle suka kafa LibreOffice, kuma suka ƙi neman kowa ya miƙa haƙƙinsa. Batun sake lasisi ma ya faru: a 2018 MongoDB ta bar AGPL ta koma wani lasisi nata mai suna SSPL, wanda OSI ba ta amince da shi ba. A watan Agusta na 2023 HashiCorp ta ɗauke Terraform daga MPL zuwa lasisin da ya taƙaita masu gogayya da ita a kasuwa, jama'a suka ɗauki bugun ƙarshe na buɗaɗɗen suka ci gaba da shi da sunan OpenTofu. A nan akwai abin kwantar da hankali: abin da aka riga aka saki a kan buɗaɗɗen lasisi ba a janye shi, sabbin bugu kaɗai canjin ke shafa.

Gaskiya dai ba CLA kaɗai ke buɗe wannan hanya ba. Lasisi mai sassauci ma yana buɗe ta. Redis yana kan BSD ne lokacin da kamfanin ya canja masa lasisi a watan Maris na 2024, har aka ɓalle aka kafa Valkey. Wanda ba ya son a wayi gari an kulle guminsa, abin da zai nema shi ne GPL ko danginsa, tare da mallaka a warwatse a hannun mutane da yawa. Ana kuma iya ɗaure kamfani da alkawari. Tun 1998 akwai yarjejeniya tsakanin masu Qt da wata gidauniya da suka kafa tare da KDE: in kamfanin ya daina fitar da buɗaɗɗen Qt har tsawon wata 12, gidauniyar tana da ikon sakin sa a kan lasisi irin na BSD. An sayar da Qt hannu zuwa hannu, har ya ratsa ta Nokia, amma alkawarin yana biye da shi.

Mataki mafi nisa shi ne miƙa mallakar ɗungurungum. FSF ta daɗe tana neman haka a manyan ayyukan GNU, hujjarta ita ce mai haƙƙi guda ya fi iya tsayawa a kotu ya kare GPL. Ita ma tafiyar ta sassauta, domin a 2021 GCC da glibc sun daina wajabta shi, suka fara karɓar DCO. In za ku bi wannan hanya, ku sani a Najeriya da Amurka da Ingila miƙa haƙƙin mallaka ba ya inganta sai a rubuce. A Jamus kuwa marubuci ba ya iya sayar da ainihin haƙƙinsa, izinin amfani kaɗai yake bayarwa, don haka takardar da aka tsara a Amurka ba lallai ta yi aiki a can yadda aka nufa ba.

Wanda ya turo ba lallai shi ne mai shi ba

Mutum na iya sa hannu da zuciya ɗaya a kan abin da ba nasa ba. A Amurka da Ingila, abin da ma'aikaci ya rubuta a bakin aikinsa na wanda ya ɗauke shi aiki ne, Faransa da Jamus ma sun ba kamfani ikon cin moriyar manhajar da ma'aikacinsa ya rubuta. Dokar Najeriya ta fi karkata ga marubuci in babu wata yarjejeniya, amma takardar ɗaukar aiki tana iya juya lamarin, kuma kamfanonin manhaja sukan sa wannan sharaɗi. Matashin da ke zaune a Kano ko Yamai yana yi wa kamfanin waje aiki daga gida ya koma ya karanta kwantiraginsa, domin wasu suna haɗawa har da abin da ya rubuta da dare a kwamfutar kamfani. In akwai shakka, ya nemi izini a rubuce, ko da ta imel ne, ya adana. Ɗalibi mai aikin bincike da kuɗin tallafi shi ma ya tambayi ƙa'idar jami'arsa.

Sai kod ɗin aro. Amsoshin Stack Overflow suna kan CC BY-SA ne, lasisin da ke neman a ambaci marubuci kuma a saki abin da aka gina a kan sharaɗi iri ɗaya. Kwafo dogon yanki daga can zuwa aikin MIT matsala ce. Abin bai tsaya ga kod ba. A watan Maris na 2021 aka gano cewa wani ƙaramin laburare na Ruby mai suna mimemagic, da ke kan MIT, yana ɗauke da fayil ɗin bayanai da aka ɗauko daga wani aikin GPL. Mai kula da shi ya janye tsofaffin bugu, sai ga masu amfani da Rails a faɗin duniya sun kasa girka manhajarsu, tunda Rails ya dogara da shi ta bayan fage. Fayil ɗaya ne ya jawo wannan. Ƙa'idar mai karɓar faci ita ce, duk abin da ya zo da salon da bai yi kama da hannun mai turowa ba, a tambaye shi daga ina.

Yanzu tambayar ta ƙaru da kod ɗin da ƙirƙirarriyar basira ke fitarwa. Ofishin haƙƙin mallaka na Amurka yana kan cewa sai abin da ɗan Adam ya ƙirƙira ake ba kariya, kuma mai turowa ba zai iya rantsuwa kan asalin abin da na'ura ta ba shi ba. A 2024 Gentoo ta hana irin wannan gudummawa, NetBSD kuma ta ce ba za a shigar da ita ba sai da izini na musamman. Wasu ayyukan suna karɓa in an bayyana. Ko wanne kuka zaɓa, ku rubuta shi.

Kada a manta da waɗanda ba kod suke rubutawa ba. Wanda ya fassara manhaja zuwa Hausa yana da haƙƙi a kan fassararsa, haka mai zanen tambari da mai rubuta littafin jagora. Creative Commons da kanta ta ce kada a sa lasisinta a kan kod, amma ya dace da rubutu da hoto da sauti. Muryoyin Hausa da aka tara a Common Voice na Mozilla a kan CC0 aka sake su. Zanen haruffa kuma yana da nasa, OFL, wanda Andika da Charis masu ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ suke kai. Sunan aiki da tambarinsa wani babi ne daban da lasisin kod bai rufe ba. Saɓani a kan haka ne ya sa Debian ta yi shekara 10 tana kiran Firefox da sunan Iceweasel, daga 2006 zuwa 2016.

Ranar da za a so canja lasisi

Aikin da mallakarsa ke warwatse kamar gidan gado ne: kowa na iya zama a ciki, amma ba a sayar da shi sai duk magada sun yarda, har da wanda ya yi ƙaura ba a san inda yake ba. Mozilla ta fara neman amincewar masu gudummawarta a 2001, ba ta gama ba sai 2006. Da VLC ya so mayar da injinsa daga GPL zuwa LGPL a 2011, sai da Jean-Baptiste Kempf, ɗaya daga cikin masu aikin, ya bi sawun mutum sama da 100 ɗaya bayan ɗaya. OpenSSL ta aika wasiƙu a 2017 tana cewa wanda bai amsa ba za a ɗauka ba shi da ja, aka yi mata ca, domin a wurin doka shiru ba sa hannu ba ne. Bugu na 3.0 mai lasisin Apache bai fito ba sai 2021. Linux kuwa, da dubban masu haƙƙi, wasu sun rasu, kusan a ce ƙofar ta rufe. Wasu na ganin wannan cikas ne. Ni ina ganin shi ne katangar da ta hana kowa saye shi.

In ta kama dole, ga yadda ake yi. A fitar da sunayen duk masu gudummawa daga tarihin git, a ware waɗanda kod ɗinsu yake nan har yanzu. A aika wa kowa tambaya guda bayyananniya mai ɗauke da sunan sabon lasisi da bugunsa, a adana amsoshi a inda ba za su ɓace ba. Wanda ya yi aikin a ƙarƙashin kamfani, kamfanin za a tambaya. Wanda ya rasu, magadansa. Gyaran harafi ko na layi biyu ba kasafai yake kai matsayin haƙƙin mallaka ba, kuma ma'aunin da GNU ke bi shi ne kimanin layi 15, amma wannan al'ada ce, ba doka ba, kuma ƙananan gyare-gyaren mutum ɗaya suna taruwa. Wanda ya ƙi ko aka rasa shi, a cire rabonsa, wani ya sake rubutawa ba tare da ya kwafa ba.

Kada a ɗauka duk wannan tsoro ne na banza. Wata kotu a Frankfurt ta hukunta D-Link a 2006 kan saɓa wa GPL, kuma a 2008 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka, a shari'ar Jacobsen da Katzer, ta tabbatar cewa karya sharaɗin buɗaɗɗen lasisi keta haƙƙin mallaka ne.

Abin da za a ajiye a ma'ajiya

Aikin minti talatin ne. A sa cikakken rubutun lasisi a fayil mai suna LICENSE ko COPYING, ba tare da an taɓa ko harafi ba. A saman kowane fayil a sa layin SPDX, misali SPDX-License-Identifier: GPL-2.0-or-later, yadda na'ura ma za ta iya karantawa. Linux ya fara haka a 2017. A fayil ɗin CONTRIBUTING a faɗi a jimla biyu ko uku da wane lasisi gudummawa ke shigowa, ko ana bukatar Signed-off-by, da matsayin aikin kan kod ɗin na'ura. Kod ɗin da aka aro a ware masa babban fayil nasa tare da lasisinsa na asali, kuma kada a kuskura a goge sunan mai haƙƙi daga kan fayil don an yi masa gyara. In kamfani ko kuɗi mai yawa ya shigo cikin maganar, a nemi lauyan da ya san fannin.

Idan kuwa aikinku ya riga ya yi nisa babu lasisi, kuma mutum biyar ko shida sun sa hannu a ciki, wanda ya kafa shi ba shi da ikon ɗora lasisi shi kaɗai. Ka rubuta musu a wannan makon, tun adireshinsu na imel yana aiki, kowa ya amsa a rubuce cewa ya amince, sannan ka ɗora fayil ɗin.